Kunkurun da na yi wa kiwon rago

Shekarun baya, lokacin 'yata ta fari tana aji biyu a firamare, mahaifina ya dawo daga ganin gida a Nijar riƙe da wani kwalin takalmi da aka huhhuda wa murfi. Mun ɗauka cuku ne ko kilishi, har yara sun fara haɗiyar yawu. Da ya buɗe sai ga 'yan kunkuru biyu suna hawa kan juna, kowanne bai cika tafin hannun yarinya ba.

Ya ce a garinsu gida ba ya cika gida sai da kunkuru yana yawo a tsakar gida, kuma ya gaji da zama a Abidjan babu ko ɗaya. Ɗaya ya bar wa mahaifiyata a gidanmu na Adjamé, ɗayan ya ɗora a hannun 'yata. Sunan mahaifiyata aka sa wa yarinyar, shi ya sa ni Mamana nake ce mata, mahaifiyata kuma takwara take kiranta. Ya ce mata, "Wanga naki ne. Ki riƙe shi amana." Ba a yi wata shida ba Allah ya yi masa rasuwa, sai ya zamana kunkurun nan shi ne abu na ƙarshe da ya fito daga hannunsa ya shiga nata.

Sai na ɗan gaya muku ko ni wane ne, don ku gane inda wautar ta samo asali. Ni haihuwar Abidjan ne, lakwal na yi, wato makarantar boko, aikina cike takardun kaya a bakin tashar jiragen ruwa. Hausata sai na jingina ta da Faransanci take tsayuwa. In na je gida Nijar, 'yan uwa ɗan Kurmi suke ce mini, wato haihuwar ƙasashen kudu, su yi ta dariyar yadda nake tsugunno gaban akushi. Abu ɗaya ne na gada daga mahaifina da ba mai iya yi mini gori a kansa, shi ne turkar rago. Sana'arsa ke nan, kuma tun ina yaro na iya ta. Kowace shekara nakan turke ragon layya a Adjamé, maƙwabta su riƙa leƙowa suna sa albarka. Ƙa'idar ba ta da wuya: ka ɗaure shi a inuwa, ka hana shi yawo, ka cika masa gaba da dusa da harawa da ƙuli-ƙuli, ka ba shi ruwan kanwa. Cikin 'yan watanni sai ka ga yana tafiya da ƙyar.

To bayan an share makoki, wata rana na dubi kunkurun 'yata a gidan da nake zaune da iyalina a Belleville, can Treichville, bene hawa na uku. Wata bakwai ke nan yana hannunmu, amma in ba ka ƙura ido ba sai ka rantse yadda ya zo haka yake. Abin ya tsaya mini a rai. Ni da ake nunawa da yatsa a kan kiwo, a ce dabba ta shigo gidana ta ƙi girma? Ga shi yanzu ni ne babba a gidan mahaifina, ina jin kamar kowa ya zuba ido ya ga ko zan iya riƙe abin da ya bari. Ba wanda ya zuba mini ido, ni kaɗai nake kiɗana nake rawata.

Na samo robar wanki, na shimfiɗa tsohuwar jarida, na saka shi ciki, na tura ƙarƙashin tebur a lungun da rana ba ta kaiwa. Na shiga ɗura masa burodi da aka jiƙa da madara, da dafaffen ƙwai, da garin ƙuli-ƙuli, da ayaba. In na sayo garba da rana, wato aceke, dambun rogo, da soyayyen kifi, sai na rago masa. Shi kuwa bawan Allah duk abin da aka ajiye masa sai ya miƙo wuya ya cinye, ni kuma ina tsaye a kansa ina jin daɗi.

Kafin nan 'yata tana da al'adarta. Kullum da safe kafin ta tafi lakwal sai ta fitar da shi baranda, ta zauna ta tsare shi. Shi kuma ya miƙe ƙafafu huɗu da wuya a cikin hantsi ya yi lamo, in ya ji ɗumi ya tashi ya yi ta zagaye. Na ce a daina.

Ta ce, "Papa, il aime le soleil. Yana son rana."

Na ce, "Mamana, dabbar da ake so ta yi jiki ba a barinta yawo. Kakanki ne ya koya mini haka."

Da ta ji an ambaci kakanta sai ta mayar da shi cikin roba da hannunta. Gaskiya ne ya koya mini, amma a kan rago. Bai taɓa ce mini komai a kan kunkuru ba, ni ma ban taɓa tambayarsa ba.

Kuma abin ya yi aiki, nan ne tsiyar take. Kunkurun ya shiga girma kamar ana hura shi. Kowace Juma'a sai na ɗora shi a sikelin kicin na matata, na ɗauki hoto, na tura dandalin danginmu na waya. 'Yan uwa na Nijar suna ta ce mini sannu da ƙoƙari, ɗan Kurmi ashe ya gaji ubansa. Kaina ya yi girma har ya fi na kunkurun.

Wata Lahadi muka je Adjamé da shi, don a gwada. Na mahaifiyata yana can gindin bango, a ɗan kusurwar da ba a yi wa siminti ba, ya haƙa wa kansa rami yana shiga yana fita. Abincinsa ciyawa ce da ganyen da take tsintowa wajen matan kasuwar Marché Gouro, yakuwa da lalo da ganyen dankali. Ɗan ƙarami ne, bayansa sumul, da ƙyar ya kai rabin nawa. Na ajiye su kusa da juna na yi dariya.

Na ce, "Inna, azumi kike sa naki ne?"

Ta ɗauki nawa ta jujjuya shi. Ta ce, "Mi kake ba shi?"

Na lissafa mata, ina ƙarawa da gishiri. Ta ce, "Kunkuru ba rago ba ne. Wanda ya kawo shi bai san burodi gare shi ba."

Na ce, "Inna, zamani ya ci gaba."

Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta faɗa, balle ta tsaya jayayya da ni gaban iyalina. Ta ajiye shi ƙasa ta ce, "To. Allah shi ba da sa'a."

A lokacin har ƙoƙon bayansa ya fara canzawa. Kowane gida-gida na bayan ya taso ya yi tsini, kamar kunyoyin doya. Na ce ai alamar ƙarfi ce. Wata safiya kuma 'yata ta kawo mini shi ina ɗaura takalmi, ta ce, "Papa, c'est mou. Cikinshi ya yi laushi." Na danna ƙasan cikinsa da babban yatsa, sai na ji ya lotsa kamar nunanniyar gwanda. Amma na ce mata kitse ne, na ɗauki jakata na fita. Duk ranar nan a ofis yatsana yana tuna mini, na ƙi saurarensa.

Ashe ita ba ta daina ba gaba ɗaya. In na fita ranar Asabar sai ta saci jiki ta kai shi baranda. Wata Asabar na dawo da wuri na same ta zaune a tabarma, shi kuma yana kan cinyarta a rana. Da ta gan ni ta zabura ta miƙe, ya zame ya faɗo kan tabarmar. Faɗuwar ba ta kai tsawon gwiwarta ba. Na yi faɗa, na mayar da shi lungunsa, aka wuce wurin.

Bayan kamar kwana goma sai ya fara jan ƙafafun baya. Ya daina cin abinci, ya rufe ido, in ka taɓa shi da ƙyar yake janye kai. 'Yata ta tsugunna gaban robar tana tambayata me ya same shi. Ni kuwa a ƙasan raina na san ba faɗuwar nan ba ce. Laushin nan ya riga faɗuwar, da yatsana na ji shi. Amma na tuna hotunan da na tura wa dangi, na tuna dariyar da na yi wa mahaifiyata. An ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, to ni a kan yarinya 'yar shekara takwas na naɗe tawa.

Na ce, "Ba ke kika yar da shi ba? Na hana ki, ba ki ji ba. Ga shi kin karya shi."

Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni, ta dubi kunkurun, ta tashi ta shiga ɗaki. Daga ranar sai ta rage cin abinci ita ma. Ta daina surutun da take cika mana kunne da shi in ta dawo lakwal. Bayan 'yan kwanaki matata ta tare ni a bakin ƙofa ta ce yarinyar ta tambaye ta ko wanda ya mutu yana sanin abin da ake yi a duniya. Da aka ce mata me ya kawo wannan tambaya, sai ta ce tana so ta san ko kakanta ya ji labarin ta karya amanarsa.

Da zan iya, da na ce muku nan take na je na gaya mata gaskiya. Ban je ba. Na ƙara kwana uku ina shiga ina fita, ina gaya wa kaina yara suna da saurin mantuwa. Duk cikin labarin nan, kwana ukun nan ne suka fi ci mini rai.

Matata ce ta kira mahaifiyata a waya. Tsohuwar da ba ta son tsallaka gadar da ke tsakaninmu ta shiga taksi tun daga Adjamé, ta hau bene hawa uku tana hutawa a kowane hawa. Ta jawo robar daga ƙarƙashin tebur, ta ɗauki kunkurun, ta danna cikinsa, ta ja ƙafarsa a hankali. Sannan ta ce, "Takwara, mi ya same shi?"

'Yata ta ce, "Ni na yar da shi, Kaka."

Mahaifiyata ta ɗago ta dube ni. Ta ba ni lokaci, na san lokaci take ba ni. Ni kuwa na sunkuya ina latsa waya kamar an aiko mini da saƙon gaggawa. Da ta ga ba ni da niyyar buɗe baki sai ta ce, "Gobe a kai shi ga likita. Kuma ku tahi tare da ita." Na ce ai tana da lakwal. Ta ce, "Lakwal ba ta gudu."

Washegari muka je wurin wata likitar dabbobi can wajen tashar motar Gare de Bassam. Ta haska shi, ta auna shi, ta dudduba ko'ina, sannan ta tambayi abin da yake ci. Kafin na shirya amsa 'yata ta zayyana mata komai, burodi da madara, ƙwai, ƙuli-ƙuli, har ragowar garba. Likitar ta ajiye biro. Ta ce rana fa, awa nawa yake samu? 'Yata ta juyo ta dube ni. Na ce ba ya samu. Ta ce tun yaushe? Na ce ya kusa shekara.

Sai 'yata ta ce da ƙaramar murya, "Madame, ni na yar da shi."

Likitar ta ce daga ina? Yarinyar ta nuna gwiwarta. Likitar ta girgiza kai, ta ce babu tsaga ko ɗaya a jikinsa, wannan faɗuwa ba ta yi masa komai ba. Ta yi mana bayani dalla-dalla. Kunkuru irin wannan ciyawa da ganye aka halitta masa, kuma sai da rana jikinsa yake iya ƙarfafa ƙashi da ƙoƙo. An ba shi abincin da ya sa nama ya yi gaba, ƙashi yana baya, kamar a ɗora bene a kan ginin da bai bushe ba. Ɗan kunkuru a hankali yake girma, wanda ya ga nasa yana sauri ya kamata ya ji tsoro. Ta ce yana iya rayuwa, yana iya mutuwa, amma ko ya rayu bayansa ba zai koma daidai ba.

Sannan ta tambaya ko akwai mai fitar da shi rana ko sau ɗaya. 'Yata ta ce, "Ni. Amma an hana ni." An hana ni ta ce, ba ta ce Papa ba. Likitar ta ce mata wataƙila 'yar ranar da take sato masa ce ta kawo shi yau da rai. Ni dai ina zaune da rigar ofis, ina jin da ƙasa za ta tsage da na shige.

Da muka fito, ga hayaniyar tasha, masu lodi suna ta kiran Bassam. 'Yata ta rungume kwalin da muka sako shi ciki tana tafiya gabana. Na kira ta, na tsugunna a gabanta nan bakin hanya, mutane suna kauce mana.

Na ce, "Mamana, ba ke ba ce. Ni ne. Kuma tun ranar da na ce ke ce, na san ba ke ba ce."

Ta ce, "To me ya sa ka ce ni ce?"

Na ce, "Kunya na ji. Ki yafe mini."

A nan ne ta fashe da kukan da ta riƙe kusan mako biyu. Ta yi mai isarta a kafaɗata, sannan ta share fuska ta ce, "Zai mutu?" Na ce ban sani ba. Ta gyaɗa kai, ta gyara riƙon kwalin, ta ce mu kai shi wurin Kaka.

Can muka kai shi. Mahaifiyata ta ware masa gefe a kusurwar ƙasar nan. Da hantsi a fitar da shi ya sha rana, in ta take a mayar da shi inuwa. A zaunar da shi cikin ruwa mai ɗumi wanda bai wuce haɓarsa ba, na ɗan lokaci. A yayyanka masa ciyawa da ganye ƙanana, a barbaɗa garin ɓawon ƙwai da maganin da likita ta ba mu. Da damina ta kama aka kifa masa rabin tukunya a kan tudu don kada sanyin ƙasa ya kama shi. Ni aka ɗora wa tsinto ganye. Kowace Asabar da sassafe ina Marché Gouro da buhu, ina bin matan kasuwa ina roƙon wanda suka zubar. Har suka san ni, da sun hango ni sai su ce ga mijin akuya ya iso. Ban taɓa gaya musu ba akuya ba ce.

Mahaifiyata ba ta yi mini gori ba. Sau ɗaya kawai ta yi magana, ranar da ta gan ni ina ɗaga shi ina jijjigawa a hannu don in ji ko ya ƙara nauyi. Ta ce, "Aje shi. Ragon turka wata huɗu ake nema gare shi, wuƙa na jiranshi. Ba ka taɓa ganin abin da turka ke yi ma ƙashi ba, don ba ka taɓa barin rago ya tsufa ba." Na ajiye shi. Shekara da shekaru ina taƙama da iya kiwo, ashe abin da na iya shi ne shirya dabba ta mutu da ƙiba.

Wata huɗu ba mu ga wani canji ba, sai dai bai mutu ba. Ya fara buɗe ido, ya fara ɗan tsinkar ganye. Wata Asabar ina juye buhu sai 'yata ta taɓa ni, ta nuna mini da baki. Ya ɗaga cikinsa daga ƙasa, ya tsaya a kan ƙafafu huɗu suna rawa, ya yi taku uku ya zube. Mahaifiyata ta ce alhamdu lillahi, ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

In na waiwaya yau, rashin sanin ba ya damuna sosai. Kowa yana iya ɗaukar abin da ya iya ya kai shi inda ba wurinsa ba, ko da yake an gaya mini na ƙi ji. Wanda kuma yake da ɗan kunkuru a gida, don Allah ya bar shi ya girma a lokacinsa, ya ba shi rana da ƙasa da ganye, ya ɓoye sikeli. Abin da har yanzu nake jin nauyinsa shi ne na ɗauki laifina na ɗora wa yarinyar da ba ta da bakin musa mini, don na san za ta yarda. Kuma ta yarda ɗin.

Dukansu biyu suna nan a Adjamé. Na mahaifiyata ya zo a hankali ya wuce nawa, yanzu sai mutum ya sa hannu biyu yake ɗaga shi. Na 'yata kuwa bayansa duk tudu da kwari, ya karkace gefe ɗaya, yana tafiya yana jan ƙafar hagu. 'Yata tana jami'a yanzu, amma duk ƙarshen mako sai ta je ta wanke shi.

Kwanan baya muka yi baƙi daga gida. Wani dattijo a cikinsu ya tsaya yana kallon kunkurun 'yata, ya ce me ya sami wannan haka? Kafin na yi magana 'yata ta ce, "Haka yake tun yana ƙarami, Baba." Ta ci gaba da zuba musu ruwa.

Na ce, "A'a, lafiyarsa lau ya zo. Ni na lalata shi." Na ba su labarin tun daga robar wanki har bakin tasha, ban rage komai ba.

Da suka tafi ta ce, "Papa, ai ya wuce. Ba sai ka riƙa faɗa wa kowa ba." Na ce mata duk wanda ya tambaya zan faɗa. Kunkurun nan zai daɗe a duniya bayan ba ni, kuma ba na so wata rana a tambaya a rasa wanda zai ce ba ita ba ce.